Yaushe Aka Fara Ce wa Yaro Maye? Tarihin Wani Zargi a Kalaba da Akwa Ibom

A ƙasar Efik da Ibibiyo, can bakin teku a kudancin Nijeriya, tsoron maita tsoho ne ƙwarai. Ya girmi zuwan Turawa, ya girmi coci da makarantar boko. Amma a nuna ɗan shekara biyar a ce shi ne ya cinye uwarsa, ko shi ya karya kasuwar ubansa, a kore shi daga gida ko a ɗaure shi a jikin bishiya da yunwa, wannan bai tsufa ba. Masu binciken da suka bi sawun al'amarin sun fi tsayar da yaɗuwarsa a ƙarshen shekarun 1990. Bambancin nan yana da nauyi, domin duk lokacin da aka ga hoton yaron da aka ƙona da ruwan zafi, abin da ke saurin fitowa daga bakin mutane shi ne al'ada ce ta kaka da kakanni, jahilci ne irin na da. Wanda ya faɗi haka yana ganin ya yi Allah wadai, alhali ya wanke masu laifi ne, ya ɗora nauyin a kan matattu. Tarihin wurin yana nuna cewa mutane ne suka ƙera wannan zargi a wani zamani sananne, kuma akwai waɗanda suka ci abinci da shi.

A tsohuwar Kalaba ta ƙarni na 19, idan wani babba ya mutu ko annoba ta faɗa wa gida, akan nemi wanda ya jawo. Hanyar gane shi kuwa ita ce wani wake mai dafi da suke kira esere, wanda Turawa suka raɗa wa suna waken Kalaba. Akan daka shi a jiƙa a ba wanda ake tuhuma ya sha a bainar jama'a. In ya amayar ya rayu, an wanke shi. In dafin ya kashe shi, shi ke nan mutuwarsa ta zama shaida a kansa. 'Yan mishan na Sikotland da suka sauka Kalaba a 1846 ƙarƙashin Hope Waddell sun rubuta abin da suka gani na wannan shari'a, kuma ta hannunsu waken ya isa ɗakunan bincike na Edinburgh, har daga baya likitoci suka samo maganin hawan jinin ido daga sinadarinsa. Abin lura a labaran wancan zamani shi ne su wa ake bai wa waken. Matan mamaci ne, da 'yan'uwansa da ake ganin suna hangen gado, da abokan hamayyarsa a kasuwanci ko sarauta, da bayinsa. Manya ne masu wata alaƙa ta kishi ko ta dukiya da wanda ya mutu. A tunanin mutanen, maita ƙarfi ce da ke tafiya da hassada da ƙullatar zuci, yaro kuwa bai mallaki komai ba, bai kuma daɗe a duniya har ya ƙullaci wani ba. Haka abin ya ci gaba har bayan samun 'yancin kai. A 1978 zuwa 1979, lokacin da wani da aka fi sani da Akpan Ekwong ya riƙa zagaya ƙauyukan Ibibiyo da matasa yana farautar mayu, waɗanda aka riƙa jawowa dandali ana tilasta musu amsa laifi galibinsu dattawa ne.

Za a iya cewa ai yara ma ba su tsira ba a wancan zamani, tunda a ƙasar ce ake jefar da tagwaye a daji ana korar uwarsu daga gari. Gaskiya ne, kuma ba abin da za a rufe ba ne. Sai dai kisan tagwaye wani imani ne dabam, game da haihuwar da ake ganin ta saɓa wa tsari, ba zargin cewa jariri ya tashi da dare ya cutar da wani ba. Labarin tagwayen ma ƙarfafa hujjar yake yi. A 1878 sarakunan Kalaba suka sa hannu a yarjejeniya da jakadan Ingila wadda ta haramta kisan tagwaye da shan esere. Mary Slessor, 'yar mishan ta Sikotland wadda ta zo a 1876 ta rasu a can a 1915, ta riƙa tsince jariran tana reno a gidanta, mutanen gari suna kallo suna jiran bala'in da bai zo ba, wasu matan ƙasar kuma suka mara mata baya. Cikin 'yan zuriyoyi kaɗan al'adar da ake ganin ba ta taɓuwa ta mutu murus. Ke nan ƙasar da ta iya binne tsohuwar al'ada mai saiwa, ita ce bayan kusan ƙarni guda ta haifi sabuwa.

Me ya faru a tsakani? A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi, albashi ya daina kai wata, asibitin gwamnati ya koma wurin da ake rubuta maka magani ka je ka saya. A shekarar da ta biyo aka yanke jihar Akwa Ibom daga Kuros Riba. Jiha ce mai arzikin man fetur, ana loda shi daga tashar Kwa Ibo kusa da Eket, amma masunta na Ibeno da Oron da Mbo suna ganin wutar iskar gas da dare, kamun kifinsu kuma yana raguwa. Mutum yana kallon dukiya na wucewa ta ƙofar gidansa, shi kuwa kullum baya yake yi, dole zuciyarsa ta nemi dalili. A daidai wannan lokaci ne ƙananan coci-coci masu zaman kansu suka yi ta tsiro a kowane lungu, waɗanda ba su da wata uwar ƙungiya da ke sa musu ido kamar yadda Katolika ko Methodist ko Presbyterian suke da ita. Kowa ya samu rumfa da lasifika sai ya kira kansa annabi ko bishop. Wa'azin da ya fi tashe shi ne cewa Allah ya nufi kowane mai bi da wadata da lafiya, saboda haka in ka ga talauci ko rashin haihuwa ko ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, to wani ne ya tare maka hanya. Wa'azi irin wannan yana buƙatar mai laifi, kuma mai wa'azin da ya iya nuna shi da yatsa ya fi wanda bai iya ba cika rumfa.

Sai fim ya ba abin fuska. Kasuwar finafinan bidiyo ta kudu ta buɗe a 1992, kaset ya shiga gidajen da littafi bai taɓa shiga ba. A 1999 cocin Liberty da ke Kalaba, ƙarƙashin Helen Ukpabio, ya fitar da fim mai suna End of the Wicked, inda aka nuna yara suna barci kurwarsu tana fita zuwa taron mayu, suna cin naman mutane, suna jawo wa iyayensu masifa. Matar ta kuma rubuta littafi da ta lissafa alamomin yaron da ta ce yana yi wa Shaiɗan aiki, cikinsu har da yawan kukan dare da zazzaɓi da ramewa ga ɗan ƙasa da shekara biyu. Ta sha musanta cewa koyarwarta ce ta sa ake azabtar da yara, kuma adalci ne a faɗi cewa fim ɗaya ba ya haifar da imani a inda babu tushensa. Amma duk uwar da ta yi reno a ƙasar sauro ta san cewa alamomin nan na zazzaɓin cizon sauro ne da tamowa. In aka haɗa da sauran abubuwan da masu wannan sana'a ke lissafawa, wato fitsarin kwance, da magana cikin barci, da taurin kai, da farfaɗiya, da yawan shiru ko yawan wayo, da wuya a samu yaron da zai kuɓuta. Ma'aunin da kowa ke faɗawa cikinsa ba ya gano komai, sai dai ya ba mai riƙe da shi ikon zaɓar wanda ya ga dama.

Ga kuma yadda cinikin yake tafiya. Uba ya rasa aiki ko jariri ya mutu, sai a je coci neman addu'a. Mai addu'a ya rufe ido ya ce akwai maye a gidan, ya nuna yaro. Daga nan sai maganar kuɗin cire maita, wanda sau da yawa ya fi abin da gidan ke samu a wata da watanni. In an biya, a tsare yaron kwanaki ba ci ba sha da sunan azumi, a yi ta dukansa har ya amsa, a ɗiga masa wani haɗi a ido ko a ɗura masa a baki. In ba a iya biya ba, ko an biya masifar ba ta tafi ba, sai gida ya ɗauki hukunci da kansa, ko a kai shi tasha ko kasuwa a sulale a bar shi. A 2003 wani mutumin Eket, Sam Itauma, ya fara kwashe irin waɗannan yara daga kasuwa yana kai su gidansa, daga nan aka kafa ƙungiyar CRARN, wadda kafin shekara biyar ta tara yara fiye da ɗari. A watan Nuwamba na 2008 gidan talabijin na Channel 4 a Ingila ya nuna wani shiri a kan yaran, inda aka ga wani mai kiran kansa bishop, Sunday Ulup-Aya, yana bugun ƙirji a gaban kyamara cewa ya kashe mayu 110. Da aka kama shi sai ya ce maitar da ke jikinsu yake nufi, ba su kansu ba.

Masu cewa talauci ne ummul haba'isin abin suna da rabin gaskiya, kuma Kinshasa ta ƙasar Kwango ce ke nuna inda rabin ya tsaya. A can ma zargin ya ɓarke ne a shekarun 1990, lokacin da mulkin Mobutu ke rugujewa, sojoji suka wawashe birnin a 1991 da 1993, yaƙi ya biyo baya, ƙanjamau ya bar marayu, coci-cocin farkawa suka cika unguwanni. Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2006 ya kawo ƙiyasin cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na yaran da ke kwana a titin Kinshasa an taɓa ce musu mayu a gida. Amma rahoton ya lura da wani abu da ya fi adadin muhimmanci: da wuya a zargi yaron da uwarsa da ubansa suke raye kuma suke tare. Wanda ake nunawa shi ne maraya, da agola, da ɗan riƙo, da wanda ke hannun kishiyar uwa. Har a Landan haka abin yake. Victoria Climbié, 'yar shekara takwas daga Kwaddebuwa da ta mutu a watan Fabrairu na 2000 da tabo 128 a jikinta, 'yar riƙo ce a hannun wata 'yar'uwar kakanninta, kuma an kai ta coci an ce aljanu ne a jikinta kafin a kai ta asibiti na ƙarshe. Da talauci kaɗai ne, da zargin ya faɗa wa kowane yaro a gidan matalauta ba zaɓe. Abin da ake gani shi ne gida ya yi wa kansa nauyi, akwai bakin da ake son ragewa, al'ada kuma ba ta yarda a kori ɗan dangi haka kawai ba, sai a samu mai iko ya ba da kalmar da za ta halatta korar. Icen da ya fi gajarta shi akuya ke ci. Miliyoyin gidaje a Afirka sun fi waɗannan talauci ba su taɓa ce wa ɗansu maye ba, domin babu wanda ya zo ya sayar musu da wannan fassara.

Hujjar da ta fi kama zukatan mutane ita ce yaran da bakinsu suke amsawa. Za ka ji an ce ai ba wanda ya matsa mata, ita ta faɗi yadda suke tashi da dare, har ta ambaci sunan wadda ta ba ta maitar a cikin abinci. Turai ta riga ta bi wannan hanya har ƙarshenta. A Wurzburg ta ƙasar Jamus, tsakanin 1626 da 1631, ƙarƙashin wani bishop mai sarauta, an ƙona mutane da yawa bisa zargin maita, cikinsu har da ƙananan yara 'yan makaranta, kuma kusan kowa sai da ya amsa laifinsa kafin a kai shi wuta. Wani limamin Katolika mai suna Friedrich Spee ya fitar da littafi a 1631 yana bayyana cewa azaba ce ke ƙera mayun, domin duk wanda aka matsa wa yadda ya kamata zai faɗi abin da ake so ya kuma ambaci wasu. A Suwidin kuwa abin ya faro ne a 1668 daga wata yarinya makiyayiya, Gertrud Svensdotter, wadda limamin ƙauye ya yi ta yi wa tambayoyi har ta ce ana ɗaukarta da dare zuwa taron Shaiɗan. Labarin ya bi ƙauyuka, ɗaruruwan yara suka riƙa maimaita shi kusan kalma da kalma, aka kashe mutane wajen 300 cikin shekara takwas, 71 daga ciki a rana ɗaya a Torsaker a 1675. Abin da ya tsayar da shi ba gushewar imani da maita ba ne, domin alƙalan Stockholm na 1676 sun yarda akwai mayu. Sun dai canza yadda suke tambaya ne. Suka daina karanta wa yaro tsohuwar shaidarsa ya ce i, suka sa ya sake ba da labarin daga farko, sai maganganu suka riƙa karo da juna, yaran suka fashe da kuka suka ce ƙarya suka yi, wasu ne suka koya musu. Yaro yana faɗin abin da ya ga babba na son ji, balle yaron da ya kwana uku bai ci ba, wanda kuma ya riga ya ga labarin a fim.

Sai maganar addini, wadda ba a kauce mata. Mai imani zai ce sihiri gaskiya ne, aljanu gaskiya ne, littattafai sun ambace su, to don me za a ce duk zargi ƙarya ne? Ba sai mutum ya bar imaninsa ba kafin ya ga ɓarnar. Yarda da cewa akwai sihiri a duniya abu ne guda, tabbatar da cewa wannan yaron ne ya kashe wancan mutumin abu ne dabam, kuma na biyun yana buƙatar shaida da babu mai addu'ar da ya taɓa kawowa. Fastoci da yawa a Akwa Ibom da Kinshasa sun yi wa'azi a kan haka, suna tuna wa mabiyansu matsayin da Linjila ta ba yara. Mu ma a ƙasar Hausa maganar ta shafe mu, ko da siffarta ta bambanta. Mayenmu na gargajiya babba ne, yawanci tsohuwa marar gata, wadda ake cewa ta kama kurwar wani a tilasta mata ta tsallake shi. Amma tunda ana cewa maita gado ce, ƙanƙara ce a ciki da ake sha a nono, tabon yakan bi 'ya'ya da jikoki, a hana yara wasa da su, a ƙi aurensu. Akwai kuma yaron da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa, wuyansa bai tsaya ba, a ce ɗan ruwa ne, iskoki suka musanya shi. Akwai mai farfaɗiya ko yarinya mai taɓin hankali da ake zane wa da bulala ana shaƙa mata hayaƙi da sunan aljanin ake duka, alhali fatar da ke fashewa tata ce. Fiƙihun da malamanmu ke karantarwa a zaure bai ɗora wa yaro alhaki kafin ya balaga ba, bai karɓi iƙirarinsa a kan kansa ba, bai kuma karɓi iƙirarin wanda aka tilasta ba ko da babba ne. Wanda ya doki yaro don ya amsa maita ya saɓa wa waɗannan ƙa'idoji uku a lokaci guda.

Bayan shirin talabijin na 2008, gwamnan Akwa Ibom na lokacin, Godswill Akpabio, ya sa hannu a dokar kare haƙƙin yara ta jihar a watan Disamba na shekarar, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara goma ga wanda ya ce wa yaro maye. Bayan shekara biyu kuma gwamnan ya fito yana cewa an zuzuta abin, ana ɓata sunan jihar. Ƙorafin yana da ɗan tushe, domin adadin yara 15,000 da jaridu suka yi ta maimaitawa ƙiyasi ne na ƙungiyoyin agaji, ba ƙidaya ba, kuma hoton yaron Afirka mai rauni abu ne da ke buɗe aljihun masu ba da taimako a Turai. Sai dai gardama a kan adadi ba ta goge tabon da ke jikin yaran da ke kwance a Eket, waɗanda 'yan ƙasar ne suka fara tsince su tun kafin wani Bature ya zo da kyamara. Doka ma ba ita ce ta yi ƙaranci ba. Tun zamanin mulkin mallaka kundin laifuffuka na kudu ya haramta zargin mutum da maita a sashe na 210, na arewa ma yana da irin wannan tanadi, Kwango ta sa haramcin a tsarin mulkinta na 2006, Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta zartar da ƙuduri a kansa a 2021. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hukunci. Ɗan sandan da aka kai wa ƙara sau da yawa shi ma yana tsoron yaron, ko yana zuwa cocin da aka yi zargin, sai ya ce magana ce ta cikin gida a je a sasanta. Shaidu dangi ne, ba sa zuwa kotu su tsaya a kan ɗan'uwansu, mai addu'ar da ya fara nuna yatsa kuma ba shi ne ya riƙe sandar ba, don haka sunansa ba ya shiga takardar tuhuma. A watan Janairu na 2016, shekara bakwai da 'yan makonni bayan dokar Akpabio, wata ma'aikaciyar agaji 'yar Denmark, Anja Ringgren Lovén, da abokan aikinta 'yan Nijeriya suka tsinci wani yaro ɗan kimanin shekara biyu a wani ƙauye na jihar, tsirara, ƙashi da fata, ya yi watanni yana yawo a titi yana tsintar abin da masu wucewa suka yar, a tsakiyar mutanen da suka san gidan da ya fito.